Koren Ruwan Shagon Auta

Bayan rasuwar Mama, Baba ya dawo gidan Yaya da zama. Ita ce babbar 'yarsa, tana aiki a wani kantin magani, mijinta kuma direban babbar mota ne da ba ya cika sati a gida. Ta gyara wa Baba ɗakin da ke kusa da falo, ta sa sabuwar katifa, ta jera masa magungunansa na safe daban, na yamma daban. Abinci ba ya wuce lokacinsa, kayansa kullum a goge. Abu ɗaya ne ya gagare ta: Baba ya daina magana. Sai ya zauna a kujerar da ke fuskantar taga, hannuwa a kan gwiwa, ko rediyo ba ya kunnawa. In ta ce, "Baba, yaya jikin?" sai ya ce, "Da sauƙi, Uwata." Daga nan sai gobe.

Likitan da ke duba hawan jininsa ne ya ce a samo masa wani abu mai rai da zai riƙa kallo. A ɗakin jiran likitan akwai akwatin gilashi da kifaye masu launi ke yawo a ciki, Yaya kuma ta lura Baba ya daɗe yana bin su da ido. Ranar hutunta ta nemi shagon da ake sayar da su, a bayan layin masu kayan lantarki. Ta zaɓi akwati mai girma, da fitilarsa, da ɗan injin da ke hura iska a ruwa, da tsakuwa fara.

Mai shagon, wani dogo mai magana a hankali, ya ce mata, "Ki tafi da akwatin yau, ki cika shi, ki kunna injin, ki bar shi haka. Ruwan famfo yana da maganin da ke ƙona musu jiki, sai ya kwana ya huce. Bayan sati biyu ki dawo ki ɗauki kifi uku ko huɗu."

"Sati biyu ina kallon ruwa?"

"Haka ake fara shi."

Yaya ta ga wannan jan rai ne kawai. Ta sa aka ƙulla mata kifaye a leda, jajaye da rawaya da masu ratsi, da wasu ƙanana masu wutsiya kamar mafici waɗanda mai shagon ya ce gupi ake kiransu. Kafin magariba akwatin ya hau teburin falo, fitila na haska shi, kifaye na kai da kawo. Baba ya juyo da kujerarsa daga taga. Ranar Yaya ta yi barci mai daɗi.

Ta kula da kifayen kamar yadda take kula da komai nata. Sau uku a rana take zuba musu abinci, kuma ba ta ƙyashi. Duk ƙarshen mako sai ta kwashe su a roba, ta zubar da ruwan kaf, ta wanke gilashi da tsakuwa da sabulu har suna ƙyalli, ta cika da sabon ruwa. In Baba ya miƙa hannu wajen gwangwanin abincinsu sai ta ce, "Bar shi, Baba, kada ka wahalar da kanka, na riga na ba su."

Ruwan ya fara yin fari kamar an ɗiga madara. Jajayen ne suka fara mutuwa, sai masu ratsi. Da safe takan yi sauri ta tsame gawar kafin Baba ya fito, amma wata rana ya riga ta. Ta same shi tsaye yana kallon wani rawaya da ya kife, cikinsa a sama. Ya mayar da kujerarsa wajen taga.

Da ƙaninta Auta ya zo gaishe da Baba, gupi uku ne suka rage, suna maƙale a kusurwa. Auta shagon aski gare shi a bakin titi. Tun yana yaro shi ne mai ɓatar da takalmi, mai manta saƙo, wanda in ya fasa kofi ake dariya, in Yaya ta fasa a ce ba ta da hankali.

"Yaya, makabarta kika buɗe a falo?"

"In ba'a ta kawo ka, ƙofa a buɗe take. Ka tafi da su ma, na gaji da ganinsu."

Ta juye masa ukun a robar fenti da aka wanke. Akwatin gilashin kuma ta goge shi ta tura ƙarƙashin gadonta.

Wajen wata biyu bayan haka aka canja mata lokacin aiki, ta koma wuni. Ba ta son barin Baba shi kaɗai, sai ta roƙi Auta ya riƙa ɗaukarsa zuwa shago kafin ta samu wadda za ta zauna da shi. Ranar farko da ta biya ɗaukarsa, tun daga bakin ƙofa ta ji wata dariya da ta daɗe ba ta ji ba. Ta tsaya da jakarta a hannu.

Baba na zaune a kan benci, ya tura hula ƙeya, mutum uku sun kewaye shi, ɗaya da rabin aski a kansa. A kan kanta, tsakanin kwalbar man gashi da caja, akwai wani tsohon akwatin gilashi da aka like gefensa da gam. Ruwan ciki kore ne, ciyawa ta cika rabinsa, gansakuka ta rufe gilashin baya. A cikin ciyawar wasu abubuwa ke motsi, ƙanana kamar tsinken ashana da aka karya, ido biyu da wutsiya.

"Uwata, zo ki gani," in ji Baba. "Haihuwa ta yi. Ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take haifa da ransu. A gabana ta saki biyu."

Yaya ta matsa. Uwar tana nan, ta yi ƙiba, da baƙin tabo a ƙarshen cikinta. Ta gane ta. Ita ce wadda ta fi kowa lalacewa a robar fenti.

"Me kake ba su?" ta tambayi Auta.

"Abin da kika ba ni. In na tuna." Ya ci gaba da askinsa. "Ciyawar wani mai zuwa aski ne ya kawo min. Ruwan kuma in ya ragu na ƙara daga bokitin can da ke kwana."

"Ba ka wanke shi?"

"Ina na ga lokaci?"

Baba ya ce, "Manyan cinye ƙananan suke yi, shi ya sa suke ɓuya a ciyawa. Yanzu ni ke ba su abinci. Ɗan kaɗan, abin da yatsa biyu suka ɗauka, a murje."

A hanyar gida bai yi shiru ba. Ya ba ta labarin namijin da ke bin mata ba ya gajiya, wanda 'yan shagon suka sa wa suna Ango, da wata 'yar ƙarama mai karkatacciyar wutsiya da ta fi kowa wayo. Yaya tana ta cewa "to". Ta san ya kamata ta yi murna, kuma ta yi, amma murnar tana da ɗaci a ƙasanta. Ita ta je shagon mai kifi, ita ta ɗauko akwatin a kanta har bakin titi, ita ta yi ta wanki hannunta na tsagewa. Wanda ko ruwa ba ya canjawa shi aka haifa wa.

Aka samu mai zama da Baba, amma Baba ya ce ba ya bukata. Da ya karya kumallo sai ya sa hula ya zauna jiran ƙarar babur ɗin Auta. Ya sa an sayo masa gilashin ƙara girma don ya riƙa ganin 'ya'yan da kyau. In 'yan uwa suka bugo waya, Yaya na kicin tana jin sa: "Ai ku je ku ga kifin Auta. Yaron nan hannunsa na da albarka."

Wata rana ta kasa haƙuri, ta leƙo da ludayi a hannu. "Baba, kifin nan fa nawa ne. Ni na ba shi."

"Haka ne," in ji Baba. "A wajenki suka ƙi zama."

Bai faɗa da nufin komai ba, ya ci gaba da wayarsa. Ita kuwa ta koma kicin ta tsaya a gaban tukunya har miyar ta kama.

Da mijinta ya dawo daga tafiya ta ba shi labari, ya yi dariya har da tari. "Yanzu ke da kifi kike kishi, ko da ƙaninki?"

"Ni ba kishi nake ba. Gaskiya nake so a faɗa."

"To ki gode Allah tsoho ya warware."

Ta gode. Amma ranar hutunta ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta koma shagon mai kifi. Wannan karon ta zauna a kan kujera ta saurare shi. Ya ce sabulu guba ne a gare su. Ya ce akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a tsakuwa da soson injin, su ke cinye dattin kifi, duk wankin da ta yi kashe su take yi. Ruwa kuma kashi ɗaya cikin huɗu ake ragewa a mako, a ƙara wanda ya kwana. Abinci kuwa, yawansa ya fi yunwa kisa.

"Na ji," in ji Yaya. "Yanzu wanne ne ya fi wuyar haihuwa?"

Ya dube ta. "Ga mai farawa, gupi ya fi sauƙi."

"Ban tambaye ka mai sauƙi ba. Gupi ko a shagon aski haihuwa suke."

Ya kai ta wajen wasu kwalabe da aka jera, kowacce da kifi ɗaya. Ya nuna mata wani shuɗi mai duhu, fikafikansa na jan ƙasa kamar babbar riga. Ya ce beta ne sunansa, amma mafaɗaci ake ce masa, don maza biyu ba sa zama wuri ɗaya. Namijin ne ke gina sheƙa da kumfa a saman ruwa, shi ke renon ƙwai. Ya ce ba shi ne mafi wuya ba, amma yana son haƙuri.

A ɗakinta ta kafa akwatin, bayan ƙofa, inda Baba ba ya shiga. Ta zuba ruwa iya tsawon tafin hannu, ta sa ciyawa, ta jira. Jiran ya fi komai yi mata wuya. Hannunta har ƙaiƙayi yake ta ɗauko soso in ta ga ɗan kore a gilashi, sai ta tura shi cikin aljihu. Da lokaci ya yi ta kawo namijin, bayan kwanaki ta kawo macen, 'yar guntuwa mara ado, ta sa ta a cikin kwalba a tsakiyar akwatin yadda za su ga juna ba su taɓa juna ba. Namijin ya buɗe fikafikai yana zagaya kwalbar. Washegari ta ga kumfa ta taru a ƙarƙashin wani ganye, fara, kamar ta sabulu.

Karon farko da ta saki macen, ya bi ta da cizo har ya yaga mata wutsiya, dole ta raba su. Ta yi jinyar macen a roba, ta sake gwadawa. A karo na biyu, wata safiya tana shirin fita, ta ga ya naɗe macen da jikinsa a ƙarƙashin kumfar, ƙwai farare suna zubowa kamar garin gishiri. Ya sake ta, ya bi su ƙasa yana tsinta da baki, yana kaiwa cikin kumfa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta durƙusa a wurin da takalmi ɗaya a ƙafa. Ranar ta makara a aiki, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta cire macen kamar yadda aka gaya mata. Bayan kwana biyu wasu 'yan zarurruka suka fara reto daga kumfar, in ɗaya ya faɗo uban ya cafe shi ya mayar. Da suka fara iyo da kansu ta cire uban shi ma. Sannan ta je falo, inda Baba ke zaune da hularsa yana jiran babur.

"Baba, zo ka ga wani abu. Ka taho da gilashinka."

Ya daɗe a sunkuye. Ta ba shi labarin kumfar, da yadda uban ke tsintar ƙwai, tana kallon fuskarsa. Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya ce, "Ikon Allah. Sun fi na can ƙanƙanta." Sai ya miƙe yana dafa bango. "Kira Auta ya zo da roba. Gara a kai su shago tun ba su fara mutuwa ba."

Yaya ta tare gaban akwatin.

"Ba inda za su," ta ce. Muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Komai Auta, komai Auta. Ni nake dafawa, ni nake wankewa, ni nake tashi in ka yi tari. Shi ya ajiye ƙazamin ruwa a kanta ya manta da shi, shi ne mai albarka. Ni me hannuna yake da shi?"

Baba ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. A waje babur ya tsaya, Auta ya danna ham. Baba bai motsa ba.

"Uwata," ya ce a hankali, "a gidanki ko kofin da na sha ruwa ban isa in ɗauraye ba. Can kuwa in ban je ba, ba mai ba su abinci. Yaron nan mantawa yake."

Ya fita. Ta ji tashin babur ɗin. Ta zauna a bakin gado, ba ta yi kuka ba, amma ta daɗe kafin ta nemo takalminta.

Da yamma ta tarar da matsala. 'Ya'yan ba sa cin garin abincin da ta murje musu, bakinsu bai kai ba, garin sai ya nutse ya kwanta a ƙasa. Ta kira mai kifi a waya. Ya ce a kwanakin farko ƙananan halittun cikin ruwa suke ci, irin waɗanda ke cikin tsohon ruwan da ya yi kore. "In kin san mai tsohon akwati da ciyawa, ki samo kwalba ɗaya. Ki riƙa ɗiga musu kaɗan kaɗan, sau da yawa a wuni. In suka kwana biyu ba su ci ba, sai dai haƙuri."

Yaya ta san mai tsohon akwati da ciyawa. Ta zagaya ɗakin, ta buɗe firji ta rufe, ta tsaya ta kalli 'yan zarurrukan suna yawo da cikinsu fayau. Sannan ta wanke wata kwalba da ruwa zalla, ta yafa mayafi.

Shagon a cike yake. Ta gaida mutane, ta miƙa wa Auta kwalbar ba ta kalle shi ba. "Ɗebo min ruwan nan naka."

"Wanne? Ƙazamin?" Ashe Baba ya ba shi labari. Auta yana murmushi har kunne. "Yaya, ai sai kin sa safar hannu."

"Za ka ɗebo ko in tafi?"

Baba ne ya karɓi kwalbar. Ya nutsa ta a gefen da ciyawa ta fi yawa, ya ɗaga ta a haske ya duba da gilashinsa ko wani ɗan gupi ya shiga, ya rufe. Bai ba ta ba, ya riƙe a hannunsa. "Sau nawa aka ce a ba su?"

"Sau da yawa. Ni kuma ina wajen aiki." Ta dubi kwalbar da ke hannunsa. "Sai dai in kai za ka riƙa ba su."

"To a fito da akwatin falo," in ji Baba. "Ba zan riƙa shiga ɗakin mutane ba."

Aka fito da shi falo. Da yawa daga cikin 'ya'yan sun mutu a satin farko, mai kifi ya ce haka abin yake. Waɗanda suka rage suka yi ciki, suka koma cin ɗigon gwaiduwar ƙwai da Baba ke dama musu a murfin kwalba. Ya ɓata mata tebur da ruwa, ya bar cokali a inda bai kamata ba, ta gani ta kau da kai. In ta dawo aiki tun daga ƙofa yake fara ba ta rahoto.

Shago kuwa sai ya koma zuwa bayan la'asar, wani lokacin ma ba ya zuwa. Wata ranar Asabar Auta ya shigo ba ko zama, ya tsaya a kan akwatin da makullin babur a hannu. 'Ya'yan sun fara yin launi, wasu shuɗi, wasu ja.

"Mutane sai tambayarka suke, Baba. Ango ma ya rame."

"Ka riƙa ba shi abinci mana."

"Ni ban iya yadda kake yi ba." Ya juya wajen Yaya, wadda ke ninke kaya a kan kujera. "Kin kyauta. Da ruwana kika raine su, kika kuma ƙwace min tsoho."

"Aro na ba ka, na karɓi abina."

"To ki ba ni biyu daga cikin shuɗayen nan in sa a shago."

"Faɗa suke yi. Ba sa zama da kowa."

"Sun yi gadon mai su," in ji Auta.

Baba ya yi dariya har gilashin ya faɗo daga hannunsa. Yaya ta ci gaba da ninkin kayanta. Sai da Auta ya kai bakin ƙofa ta ce, ba ta ɗago ba, in sun ƙara girma ya zo da kwalba mai tsabta, za ta duba ko akwai wanda za ta iya rabuwa da shi.